Daga Ajin Yaƙi Da Jahilci Zuwa Karatun Digirin Jinya

'Yan'uwana waɗanda suka fita ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, ina so in ba ku labarin yadda aka karɓe ni a jami'a domin in yi karatun digirin jinya ta gajeriyar hanya. Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta shi kuwa, tun da labarin ya bazu a unguwarmu mata suke ta zuwa wurina, suna cewa in nuna musu wannan gajeriyar hanya su ma su bi. To, akwai ta, ba ƙarya ba ne. Amma fa ƙofarta tana can ƙarshen wata doguwar hanya, wanda bai taka doguwar ba kuwa ba zai ga gajerar ba. Ga yadda abin yake.

A Nijeriya hanya biyu ake bi a sami digirin jinya. Ta fari ita ce yaro ya gama sakandare, ya ɗauki jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, in ya ci ya shiga aji ɗaya na jami'a, ya yi shekara 5. Ta biyu kuwa ta wanda ya riga ya yi makarantar jinya ce, ya ci jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, aka rubuta sunansa cikin nas-nas masu lasin. Shi wannan sai ya nemi shiga kai tsaye, a ɗauke masa aji ɗaya, ya soma daga aji biyu, ya gama cikin shekara 4. A Amurka akwai tsarin da ya fi wannan sauri, inda mutum kan gama digirin jinya cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma su ma sai wanda ya riga ya sami digiri a wani fanni dabam. Watau ko ina ba a rage wa mutum karatu sai an ga ya riga ya biya shi a wani wuri.

Ni mutuniyar Fagge ce, gidanmu ba nisa da Bata. Ga wanda bai san Kano ba, Bata wata mahaɗa ce a kan titin Murtala Muhammed, tsakanin Fagge da Sabon Gari, dab da babbar kasuwa. Ta ci sunan wani kamfanin takalma ne na Turai. Fagge tsohon zangon fatake ne, Sabon Gari kuwa ta kafu bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, baƙi daga Kudu suka zo neman aiki da ciniki. Sabo da haka in ka tsaya a Bata, kafin ka ƙirga ɗari ka ji harshe huɗu ko biyar.

Na bar firamare ina aji biyu, sa'ad da mahaifinmu ya rasu, na koma taya Inna sayar da abinci. Daga nan aka yi mini aure da wani mai sayar da takalma a kasuwar Sabon Gari. A 2003 ɗana na fari ya kwanta da zazzaɓi mai tsanani, maigida kuwa ya tafi Kudu saro kaya. A asibiti aka ba ni magani kwalba uku, ko wace da rubutu a jikinta. Da dare ya yi, jikin yaro ya ɗauki zafi, na jera kwalaben nan a gabana ina dubansu suna dubana. Ga magani a hannu, ga ɗa yana nishi, amma ban san wanda zan ba shi ba. Sai na goya shi, na taka har Bata, na sami wani mai kemis bai rufe ba, ya karanta mini. Allah ya ba yaron lafiya. Ni kuwa tun a kan hanyar komawa gida na ƙudurta a raina ba zan mutu ban iya karatu ba.

Da maigida ya komo na ce masa, "Malam, ina roƙon wata alfarma. Ka bar ni in shiga ajin yaƙi da jahilci."

Ya yi shiru, can ya ce, "Uwargida, ban ƙi ba. Amma wa zai riƙe yara?"

Da na kai wa Inna maganar sai ta ce, "'Yar nan, kawo mini su. Ni ban samu ba, ke kada ki rasa."

Haka na shiga ajin la'asar na Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980. Kun san yadda farkon abin yake, gama kun ɗanɗana. Fensir ya fi taɓarya nauyi a hannu, baƙaƙe kuma sai ka ga kamar tururuwa suna yawo a kan allo. Ran da na rubuta sunana da kaina ban iya cin tuwon dare ba don murna. Na gama ajin fari, na wuce na gaba, sa'an nan na shiga makarantar matan aure inda ake karatun sakandare. Duk wannan ya ci mini shekara 8.

Wanda ke son karatun jinya lalle ne ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar gama sakandare: Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kimistiri, da Bayoloji, kuma kada ya wuce zama biyu kafin ya haɗa su. A 2011 na sami huɗu, Fiziks ya tsaya mini a wuya. Akwai wata dattijuwa a Sabon Gari, tsohuwar malamar makaranta, iyayenta mutanen Kudu ne amma a Kano aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta Bakanuwa. Takan sayi takalman jikokinta a wurin maigidana. Da ta ji labari sai ta aiko aka kira ni, ta ce, "'Yata, ko wace Asabar ki zo da littafinki." Na ce, "Mama, nawa zan riƙa biya?" Ta ce, "Ran da na kwanta a asibiti sai ki biya ni." Shekara guda ina ƙetare Bata ko wace Asabar zuwa gidanta. A 2012 na ci Fiziks.

Na shiga makarantar jinya a 2013. A lokacin karatun shekara 3 ne, wata shida na fari kuwa na gwaji ne. In an yi jarrabawar ƙarshensu, wanda ya faɗi sai gida, wanda ya ci a yi masa bikin sa hula. A can na koyi cewa jinya ta wuce yin allura. Ana koya maka gyaran gadon majinyaci yana kwance a kai, da juya shi lokaci lokaci don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Ana koya maka awon zafin jiki, wanda ga mai lafiya yake wajen awo 37, da ƙirga bugun jini, wanda ga baligi mai hutawa yake tsakanin 60 da 100 cikin minti guda, da ƙirga ɗigon ƙarin ruwa. Abin da ya fi duka kuwa shi ne rubuta ko wane abu da ka yi, da lokacin da ka yi shi, gama nas ɗin da za ta karɓe ka da abin da ka rubuta za ta yi aiki. A nan na gane alƙalamin da aka danƙa mini a ajin la'asar shi ne babban kayan aikin asibiti.

Ba a rasa masu magana ba. Wasu cikin dangi suka ce aikin dare bai dace da matar aure ba. Wani malamin unguwarmu ne ya kashe maganar. Ya tuna musu da Rufaida, wata sahabiya a Madina, wadda aka kafa wa tanti a masallaci tana jinyar masu rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan ya ji ciwo a yaƙin Handaƙ. A makaranta kuma aka ba mu tarihin Florence Nightingale, wadda ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, da na Kofoworola Pratt, 'yar Nijeriya da ta yi karatu a wannan makaranta, daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa. Na ga ashe sana'a ce mai asali.

Ina shekarar ƙarshe, cikin watan Maris na 2016, gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari, rumfar maigidana tana cikin waɗanda suka ƙone ƙurmus. Ga kuɗin jarrabawar Majalisa ya matso, ga gida ba ko tsaba. Na ce masa, "Malam, ko in dakata sai baɗi?" Ya ce, "Uwargida, wuta ta ci takalma, kada mu bari ta haɗa da karatunki." Na sayar da keken ɗinkina, 'yan adashinmu kuma suka bar mini kwasar wannan wata ko da yake ba layina ba ne. Na ɗauki jarrabawa, na ci, aka ba ni lasin.

Na yi shekara shida ina aiki, yawanci a ɗakin mata. Kuna iya tambaya, tun da ga aiki ga albashi, me ya kai ni neman digiri? Dalili biyu ne. Na fari, hannuna ya iya aiki, amma sau da yawa nakan yi abu don haka aka koya mini, zuciyata kuwa tana son sanin dalilinsa. Na biyu, na ga matan da ake kawowa a makare, jini ya riga ya zuba, don a garinsu babu mace ma'aikaciya da za ta duba su. Maganin wannan shi ne a yawaita 'yan mata masu koyon jinya, su kuwa sai da malamai, malanta kuma tana bukatar ilmi mai zurfi. Jami'ar Ibadan ce ta soma karatun digirin jinya a ƙasar nan a 1965. Yanzu kuwa ana yinsa a Arewa, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Na tara takarduna: sakamakon sakandare, da shaidar gama makarantar jinya, da lasin, da takardar haihuwa, da ta ƙaramar hukuma, da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Na nema a 2022, ban samu ba, domin masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Na yi kwana biyu raina a ɓace, sa'an nan na ɗaure takarduna na ajiye. Da shekara ta kewayo na sake nema, aka kira mu aka tantance takardunmu, aka ce mu koma mu jira.

Jiran nan ya fi karatun wuya. A zamanin yanzu ba wasiƙa ake aiko wa mutum ba, sai ya duba ta intanet a shafin JAMB, in an ba shi gurbi ya danna ya karɓa ko ya ƙi. Akwai wani shagon kwamfuta a saman bene a Bata, can nake biyawa in na taso aiki, har yaron shagon ya haddace lambata. Rannan ya buɗe, sai ya miƙe tsaye ya ce, "Hajiya, albishirinki!"

Na ce, "Goro. Amma dakata, ɗana, matsa in karanta da kaina."

Na zauna na karanta, baƙi bayan baƙi: ga sunana, ga sashen jinya, ga aji biyu. Na sa yatsana na danna na karɓa. Da na sauko na tsaya a bakin titi, 'yan adaidaita sahu suna ta kiran fasinja, sai na yi lissafi. Daga daren da na zo wurin nan da goyo ina neman mai karanta mini kwalba, zuwa wannan rana ta 2023, shekara 20 ke nan cif. Shekara ɗaya aka rage mini a jami'a, da ashirin na saye ta, ban kuwa ga na yi tsada ba. Ban zarce gida ba sai da na ƙetara Sabon Gari na gaya wa Mama, daga nan na wuce wurin Inna.

Samun shiga ba shi ne ƙarshen ɗawainiya ba. Sai da na nemi hutun ƙaro ilmi a wurin aiki, muka zauna da maigida muka tsara yadda za a biya kuɗin makaranta a kuma ci abinci. A aji kuwa ina zaune da sa'o'in ɗana, suna kirana Mama. Su sun fi ni saurin haddace littafi, ni kuma in an shiga ɗakin majinyata sai su koma bayana suna kallon hannuna. Muna taimakon juna.

To, ga abin da nakan gaya wa matan da ke zuwa wurina. Ku adana ko wace takarda da aka ba ku, tun daga satifiket ɗin ajin yaƙi da jahilci, gama kan ta ake ɗora na gaba. Ku lura da yadda ake rubuta sunanku, ya zama iri ɗaya a ko ina, domin wanda yake Muhammadu a wannan takarda, Mohammed a waccan, zai sha wahala ranar tantancewa. Kada ku ba kowa kuɗi don ya ce zai sayo muku gurbi, masu wannan magana 'yan damfara ne. Ku kuma riƙa tambayar ƙa'idar shekarar da kuke ciki daga makarantar kanta, domin tsari yana sakewa: a 'yan shekarun nan an soma mai da makarantun jinya kwalejoji masu ba da difloma, shigarsu kuma ta hannun JAMB. In an nema ba a samu ba, a sake nema.

Wadda ta fita ajin fari bana, kada ta tsaya hangen jami'a har gwiwarta ta yi sanyi. Ta je ta rubuta sunanta a aji na gaba, wannan shi ne aikin da ke gabanta yau. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba majinyatanmu lafiya, amin.