Godiya Ga Waɗanda Suka Riƙe Amana A Kafanchan

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tashi kafaɗun mahaifiyarmu.

Ciwon ya kayar da ita a ƙarshen 2023, shekarar da annoba ta cinye cittar manoman kudancin Kaduna, gonarmu ta Kwoi ma ba ta tsira ba. Cikin dare muka kawo ta asibiti a Kafanchan, hannu babu nauyi, aka ce sai tiyata.

Na daɗe ina koya wa ɗalibai darasin tattalin arziki, ina kawo musu abin da Kenneth Arrow, masani ɗan Amurka, ya rubuta a 1963, cewa neman magani ya sha bamban da sauran ciniki. Ciwo ba ya sallama, kuma abin da likita ya sani, majinyaci bai sani ba. A kasuwa kana iya kwance buhun citta, ka sunsuna, ka taya, in bai yi maka ba ka wuce rumfar gaba. A ƙofar ɗakin tiyata kuwa babu tayi, abin da aka faɗa maka shi za ka yi. Don haka Arrow ya nuna cewa amana ce ke cike wannan giɓi. A daren da muka kawo Mama asibiti na ga amanar da idona.

Likita, na gode. Mu muka roƙi a ƙara ɗaukar hoto, kai ka ce babu buƙata, alhali da ka ce a yi, ko da bashi sai mun yi. Ma'aikatan jinya da kuka kwana a kanta, sannunku da ɗawainiya.

Iyayena mata na adashin Mama, Musulmi da Kirista, kun ba ta kwasa tun zagayenta bai zo ba. Ƙanena ɗan acaɓa, ka ba da jininka, ka ƙi karɓar ko kuɗin mai. Yaya maƙwabciyarmu, ke kika matsa har muka yi rajista da KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kaduna, inda mai lafiya ke zuba kaɗan don a ɗauki nauyin marar lafiya.

Yau Mama tana zaune a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, tana ambaton ku ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya saka muku da alheri, Ya haɗa ku da masu amana ranar da kuke buƙata.