Kafin ku ɗaura jakar biɗa

Jikokina, na ga gero ya shiga rumbu, kun fara leƙen motocin Gaya da na Ƙonni. Ba zan hana ku tafiya biɗa ba, da kuɗinta na auri kakarku. Ku dai zauna ku ji.

Ina saurayi na bar Matankari na sauka Zangon Kumasi a Gana, na fara da dakon goro har na kafa tebur. Shekara huɗu ba wanda ya tambaye ni takarda. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fita. Teburin, da keken ɗinkin da na saya wa ƙanena, kuɗinsu bai kai na akuya ba. Maƙwabcina ne ya saya, mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya. Ya miƙo kuɗin kansa a sunkuye. Har yau ban riƙe shi a zuciya ba. A 1983, da man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora a Najeriya, 'yan Gana ma suka ɗanɗana.

Duka biyun cewa aka yi baƙi sun cinye aikin 'yan ƙasa. Yayanku da ke jami'a a Yamai ya ba ni labarin binciken David Card, masanin tattalin arziki. A 1980 mutanen Kuba wajen 125,000 suka kwararo Amurka ta teku, kusan rabinsu suka zauna Mayami. Ya bi albashin ƙananan ma'aikatan garin, ya tarar bai faɗi ba. Wasu masana sun yi masa gardama, amma ni na gani da idona: baƙo haya yake biya, abinci yake saye. A Gana, lokacin da koko ke da daraja ba wanda ya ga laifinmu, sai da aljihun masu gida ya bushe.

Saboda haka ku yi takardunku tun ana dariya da ku. In kun ji kuɗin ƙasar na karyewa, ana ambaton baƙi a rediyo, ku fara rage kaya. Kada ku sa baki a siyasarsu. Abin da kuka samu ku aiko a saya muku tunkiya, ko a haƙa muku rijiya a garka.

Kuma Bafulatanin da ke ratsa Dallol da shanunsa, da mutumin Kabi da ya kasa kaya a kasuwar Dutsi, in shekara ta yi wuya aka fara nuna su da yatsa, kada in ji an ce da ɗan gidan nan a ciki.