Abuja: Inda Ake Auna Bangaskiyar Ma'aikaci

Duk wanda ya kwana a Nyanya ko Mararraba ya san cewa Abuja tana farkawa ne daga gefenta. Tun da asuba ma'aikata ke cika bakin titi, kowa na neman motar da za ta kai shi ofis kafin ƙarfe takwas. A cikinsu akwai Kiristoci masu yawa: Gbagyi 'yan ƙasa, da mutanen Filato da kudancin Kaduna, da Tibi, da Ibo, da Yarbawa. Sau da dama kafin mota ta kai shataletalen AYA wani fasinja ya buɗe addu'a, saura na amsawa da amin. A tashar Nyanya ɗin nan ne bom ya tashi ran Litinin 14 ga watan Afrilu, 2014, ya hallaka mutum fiye da 70, Musulmi da Kirista, yawancinsu masu sammakon neman abinci.

Daga AYA hanya ta miƙe zuwa tsakiyar birnin da Janar Murtala Muhammed ya kafa da doka a watan Fabrairu, 1976, wanda kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaura zuwa cikinsa daga Ikko ran 12 ga watan Disamba, 1991. Baƙo ba ya rasa ganin gine-gine biyu a nan. Ga Masallacin Ƙasa da ƙubbarsa mai ruwan zinariya da hasumiyoyi huɗu, ga kuma Majami'ar Ƙasa ta Kiristoci, wadda aka kammala a 2005 bayan aikinta ya daɗe a tsaye. Amma wanda ke son sanin yadda Kiristan Abuja ya riƙe addininsa, ba ran Lahadi zai je majami'a ba. Sai ya bari ran Litinin ya gangara Sakatariyar Tarayya da ke titin Shehu Shagari.

A nan, da rana ta take, ƙungiyoyin zumunci na ma'aikata kan taru a wani ɗaki, su rera waƙa ɗaya ko biyu, su karanta Littafi Mai Tsarki, sa'an nan kowa ya koma teburinsa. Ran Juma'a kuwa, in Musulmi sun tafi masallaci, sau da yawa abokin aiki Kirista ne ke tsare ofis; in Kirsimeti ta gabato sai a rama masa. Wannan duk abu ne mai sauƙi. Mai wuyar yana cikin fayil. Ga takardar fanshon wani tsoho da ya taso daga nesa, ga ɗan kwangila ya ajiye ambulan ya ce na goro ne, ga kuɗin haya ya ƙarato, albashi kuma ya ƙare tun tsakiyar wata. Hausawa suka ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Masu wa'azi a irin wannan taro kan jawo babi na 3 na Linjilar Luka, inda Yahaya Mai Baftisma ya hori masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka yanka, ya kuma hori sojoji su bar ƙwace, su ƙoshi da albashinsu. Kan kuma kawo Yusufu a fadar Fir'auna da Daniyel a Babila, watau ma'aikatan hukuma biyu da suka yi wa sarakunan da ba addininsu ɗaya ba aiki da aminci.

Wanda ke neman misali na kusa sai ya nufi unguwar Wuse, shiyya ta 7, inda hedkwatar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna take, watau NAFDAC. Nan Farfesa Dora Akunyili, 'yar ɗariƙar Katolika, ta yi shugabanci daga 2001 zuwa 2008. Tun tana aiki a asusun PTF, ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, aka ba ta kuɗin aikin tiyata a ƙasar waje. Da likitoci suka ce ba ta bukatar aikin, sai ta maido da abin da ya rage. 'Yar'uwarta ta rasu a 1988 saboda allurar ciwon sukari ta jabu, don haka da ta hau kujera ta sa aka riƙa ƙone jabun magunguna a bainar jama'a, har ta rufe babbar kasuwar magani ta Anacha a 2007. Ba ta sha da daɗi ba. A watan Disamba, 2003, 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta a Jihar Anambara, harsashi ya huda ɗankwalinta ya shafi fatar kanta. A 2004 aka sa wa gine-ginen hukumar wuta a Ikko. Duk da haka ba ta ajiye aikin ba, kuma ba ta ɓoye cewa ga Allah ta dogara ba. Ta rasu a watan Yuni, 2014.

Abin lura shi ne, maganin ƙwarai da ya isa Sabon Garin Kano ko Sakkwato bai tambayi addinin majinyaci ba. Haka ma fayil ɗin da ya fita a kan kari ba tare da toshiyar baki ba: mai shi, ko Malam ne ko Fasto, shi ya amfana.

Da ƙarfe huɗu Sakatariya kan fara watsewa, motoci su sake cika zuwa Nyanya da Kubwa da Lugbe. Mafi yawan waɗannan ma'aikata ba wanda zai taɓa jin sunansu. Amma tsohon nan mai fansho, in ya koma gida da takardarsa a sa hannu, kuɗin motarsa kuma na nan a aljihu, ya san irin mutumin da ya tarar a bayan teburi.