Takur: Inda takarda ke tafiya da ƙafar mai ita

Duk wanda ya san Dutse kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, zai gaya maka cewa gari ne da ya lafe a gindin duwatsunsa: fadar sarki a Garu, itatuwan dabino nan da can, sai gonaki iya ganin ido. Zama hedikwatar jiha ne ya sa garin ya miƙe. Ma'aikata suka kwararo daga Kano da akwatunan fayil, aka shiga neman wurin kwana da wurin ajiye tebur. Takur na cikin unguwannin da suka girma da wannan ƙaura, shi ya sa har gobe take da ɗabi'ar ma'aikacin gwamnati. Tana farkawa da wuri, ta yi tsit da hantsi, kuma tana sanin ranar da albashi ya shiga ba tare da an yi shela ba, domin mai nama da mai shago ne farkon masu shaida.

Na daɗe ina ratsa titunanta a hanyata ta zuwa aji, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shagunan fotokwafi. Ƙaramin ɗaki, janareto na kuka a bakin ƙofa, matashi a gaban kwamfuta, benci a ƙarƙashin rumfa. Da yawa daga masu zama a bencin nan ba ɗalibai ba ne. Dattawa ne da suka ajiye aiki, da matan da mazansu suka rasu, da guragu a kan kekunansu, wasu daga cikin gari, wasu sun yi sammako daga Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu. Kowa da baƙar ledarsa. In ya kwance ta za ka ga takardar lambar NIN, da lambar BVN a rubuce a bayan kwalin magani, da katin zaɓe, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da takardar rantsuwa ta kotu a kan shekarun haihuwa, da hotunan fasfo da suka fara kodewa.

Mai karatu ya lura da abu guda. Kusan kowace takarda a ledar nan hukuma ce ta bayar da ita, kuma wata hukumar ce ta ce a kawo mata kwafinta. Wato gwamnati ce ke aiken talaka ya kai wa gwamnati saƙon gwamnati, kuma daga aljihunsa za a biya ɗan acaɓa.

Ba don Jigawa baƙuwa ce a harkar tallafa wa masu rauni ake wannan wahala ba. Tun a 2001, zamanin Gwamna Saminu Turaki, jihar ta kafa tsarin fansho na karo-karo ga ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, gwamnati ta zuba kashi 17, shekara uku kafin Gwamnatin Tarayya ta yi tata dokar gyaran fansho a 2004. Jihohi da dama sun turo wakilai Dutse don su ga yadda ake yi. A 2007 Gwamna Sule Lamido ya fara biyan naƙasassu alawus na Naira 7,000 duk wata, mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma cikin 27, kuma gwamnatin Malam Umar Namadi ta ɗaga kuɗin zuwa Naira 10,000. An yi shirin tallafa wa masu juna biyu da masu goyo da kuɗin Birtaniya a Buji da Gagarawa da Kirikasamma. Daga 2016 kuma Abuja ta shigo da Rajistar Marasa Galihu ta Ƙasa da rancen Dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, aka riƙa bai wa gidaje Naira 5,000 a wata a wancan lokacin. Niyya dai ba ta yi ƙaranci ba. Sai dai kowane shiri ya zo da littafinsa da ma'aikatansa da fom ɗinsa, kuma littafi ba ya gaisawa da littafi.

Haka abin yake ta fuskar shaidar mutum. Hukumar NIMC, wadda doka ta kafa a 2007, ta ɗauki yatsun ɗan Najeriya ta ba shi lamba mai alƙaluma 11. Babban Banki ya fito da BVN a Fabrairun 2014, bankuna suka sake ɗaukar yatsun, suka ba shi wata lambar, ita ma mai alƙaluma 11. INEC ta ɗauka, kamfanonin waya sun ɗauka, masu lasin tuƙi da masu fasfo ma haka. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN, muka ga irin layin da aka ja a rana. Babban yatsa ɗaya ne Allah Ya bai wa mutum a kowane hannu, amma an dangwala shi a rumbuna biyar ko shida.

Wata rana da azahar na tsaya yin kwafin wasu takardu, sai na tarar da wata dattijuwa a bencin, jikanta na riƙe mata da leda. An sanya sunanta a wani jerin masu karɓar tallafi, amma kuɗin ya ƙi shiga. Mai shagon ya shimfiɗa takardunta a kan tebur ya ce in duba. A wata takardar an rubuta sunanta na yanka da na mahaifinta. A takardar wani banki an rubuta laƙabin da ake kiranta da shi a gida, sannan sunan marigayi mijinta. Na ce, "Iya, yaya aka yi suna ya zama biyu?"

Ta ce, "Ɗan nan, ranar da aka buɗe mini asusun, yaron da ke rubutu tambayata ya yi sunan maigidana. Ni kuwa ban taɓa faɗarsa da bakina ba. Maƙwabciyata ce ta faɗa masa, ta haɗa har da sunan da suke kirana."

Zuwanta Dutse na uku ke nan a kan maganar. Wani ofishi ya tura ta banki, banki ya tura ta kotu yin rantsuwa, kotu ta ba ta takarda, ga ta kuma za ta yi kwafi ta koma inda ta faro. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Alkunya ta yi, irin wadda aka tarbiyyantar da iyayenmu mata a kanta, na'ura kuwa ba ta san alkunya ba. Ba ta san cewa Muhammadu da Mamman da Mohammed mutum ɗaya ne ba. Ba ta san dalilin da ya sa dubban dattawanmu suka zama haifaffun 1 ga Janairu ba, alhali abin da suka sani shi ne an haife su shekarar fāri ko shekarar da aka naɗa wani sarki. Ba ta san cewa fartanya da turmi suna cinye zanen yatsa ba, balle ta tuna da wanda kuturta ta raba shi da yatsun baki ɗaya, wanda kuwa shi ne ya fi cancantar alawus ɗin naƙasassu.

Wani abin da kan ba ni murmushi shi ne, a garin nan aka fara mafarkin haɗa ofisoshin gwamnati da intanet tun wasu jihohin ba su san inda aka dosa ba. A farkon shekarun 2000 Jigawa ta kafa kamfanin Galaxy da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, kuma daga wannan yunƙuri ne Gwamnatin Tarayya ta ɗora ta kafa Galaxy Backbone a 2006. Waya ta daɗe da isowa. Abin da bai iso ba shi ne yarda tsakanin hukumomi, domin a wurin ma'aikaci jerin sunaye iko ne, kuma ba a cika sakin iko da daɗin rai ba.

Yanzu dai an kama hanyar haɗawa, kuma tilas ce ta kawo haka. A Oktoban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da rabon Naira 25,000 a wata, na tsawon wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, aka kuma tsayar da shirye-shiryen tallafin saboda zargin karkatar da kuɗi. Da aka dawo da biyan, sai aka ɗaure shi da tantance mutum ta lambar NIN ko BVN. Ba ni da ja a kan wannan. Duk wanda ya ga yadda ake cusa sunayen 'yan'uwa da 'yan jam'iyya da matattu a jerin talakawa ya san ana bukatar mariƙi. Damuwata ita ce alƙiblar da musayar bayanan ta fuskanta. Har yanzu rumbuna suna magana da juna ne idan za a cire suna. Ban ga suna magana don a gano wadda ta cancanta aka tsallake ta ba, ko don a ce wa dattijuwar can ta zauna a gida an daidaita mata sunanta.

Wasu ƙasashen sun riga mu taka wannan ƙaya. A Indiya, inda aka ɗaure rabon abinci da lambar Aadhaar, jaridu sun ruwaito a 2017 mutuwar wata yarinya 'yar shekara 11 a Jihar Jharkhand bayan an soke katin abincin gidansu saboda ba a haɗa shi da lambar ba. A Ostareliya aka haɗa bayanan hukumar haraji da na hukumar tallafi, na'ura ta riƙa raba abin da mutum ya samu a shekara daidai wa daida a kan makonni, ta ɗora wa dubban ɗaruruwan mutane bashin da ba su ci ba, har kwamitin bincike ya yi tir da tsarin a rahotonsa na Yulin 2023. A yi tunanin irin wannan lissafi a kan manomin riɗi na Jigawa, wanda kuɗin shekararsa ke shigowa a wata ɗaya da kaka. Estoniya kuwa, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ta shimfiɗa hanyar musayar bayanai mai suna X-Road tun 2001 a kan ƙa'idar cewa hukuma ba ta sake tambayar ɗan ƙasa abin da ya riga ya faɗa wa wata hukumar, kuma yana iya dubawa ya ga wane ofishi ya leƙa bayanansa.

Wannan batu na leƙe ba ƙarami ba ne a gari irin Dutse, inda in ka yi tari a Takur za a ce maka sannu a Fagoji. An sa hannu a Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, amma shekara ɗaya bayan haka ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani a wani shafin intanet a kan Naira 100. Idan sirrin minista bai wuce kuɗin ƙosai ba, mene ne farashin na bazawarar da sunanta da lambar wayarta da ranar da kuɗi ke shigar mata suke jere a wuri ɗaya? 'Yan damfara da ke kiran tsofaffi suna neman lambar katin banki sun fi kowa son a haɗa rumbuna a bar ƙofa a buɗe.

Akwai kuma giɓin da na'ura kaɗai ba za ta cike ba, wato mutuwa. Mu Musulmi ne, wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Dokar 1992 ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa da mutuwa, an kuma ƙaddamar da yin hakan ta kwamfuta a Nuwamban 2023, amma gida nawa ne a ƙauyukanmu ke neman takardar shaidar mutuwa in ba rabon gado ko haƙƙin mamaci ya tilasta ba? Da yake labarin mamaci ba ya isa ofis, sai a juya kan rayayye: a tara 'yan fansho masu ciwon ƙafa da hawan jini a layi don su tabbatar suna raye. Hukumar PTAD ta Tarayya ta sauƙaƙa wa nata da tantancewa ta wayar hannu, abin a yaba, ga mai babbar waya da sabis. Alhali mai unguwa da limamin da ya sallaci gawa sun san labarin tun a ranar. A masarautu biyar na jihar nan, Dutse da Haɗejiya da Kazaure da Gumel da Ringim, babu unguwar da ba ta da mai unguwa. Da an ba shi hanya mai sauƙi ta aika rahoton haihuwa da rasuwa, aka kuma biya shi ladan aikin, da an sami rajistar da ta fi ta kowane ɗan kwangila inganci.

Abin da nake ganin jiha za ta iya yi ba sai ta jira Abuja ba. Ta haɗa jerin 'yan fansho da na naƙasassu da na tsofaffi da na tallafin Tarayya a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya rubutacciya, wadda ta fayyace wa ke da izinin ganin me. Kada a yanke wa kowa kuɗi don suna ya saɓa sai ɗan Adam ya zauna da shi ya saurare shi. A ajiye teburin gyaran bayanai a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, don mutumin Buji ya daina zuwa Dutse sau uku a kan harafi biyu. Sannan gwamnati ta ɗauke wa waɗanda ke cikin jerin nauyin kuɗin gyaran, tunda galibin kurakuran a hannun masu rubutawa aka yi su. A sabon farashin da NIMC ta fitar a Mayun 2025, gyaran ranar haihuwa ya kai Naira 28,574. Ya ɗara tallafin wata guda na Naira 25,000, kuma gurgun da ke karɓar Naira 10,000 sai ya haɗa alawus ɗin kusan wata uku bai ci bai sha ba kafin ya biya.