Shingen Kawu da Babi na Biyar

Daren jiya wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta a hostal. Zafi ya hana kowa barci, ni kuma babi na biyar ya hana ni. Na fito baranda da waya da niyyar karanta wata takarda da sufabaiza ya turo min. To kun san halin YouTube, ka leƙa don abu ɗaya ya kai ka wani gari. Sai ga ni ina kallon wani dattijon Bature a Amurka, tsaye cikin rafi ruwa iya gwiwa, yana kaɗa doguwar sandar fatsa gaba da baya kamar mai korar ƙuda.

Babu tana a bakin ƙugiyarsa, babu ƙullin gari. Ƙwaron ƙarya ne da aka ɗaure da gashin zakara da zare, marar nauyi, in ya faɗa ruwa sai ya tsaya a sama. Kifin da yake nema suna ce masa brook trout, ɗan madaidaici mai jajayen ɗigo a jiki. Asalinsa gabashin Amurka ta Arewa ne, kuma ba ya rayuwa sai cikin ruwa mai sanyi. Da za ka kawo shi kogin Gashuwa a watan Afrilu ba zai kai la'asar ba. In sanyinsu ya wuce ƙanƙara ta narke, ƙwari kan fito daga cikin ruwan su yi ta tashi, kifi ya hau sama yana cafka. Aikin mai fatsa shi ne ya duba wane ƙwaro ke tashi ranar, ya ɗaura na ƙarya mai kama da shi. Dattijon ya kama guda, ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiya a hankali, ya mayar da shi ruwa.

Abokin ɗakina, ɗan Akanta, yana leƙe ta kafaɗata. Ya ce, "Wallahi wannan bai taɓa sanin yunwa ba." Ya yi ta dariya. Ni ban iya ba, don na san wannan fatsar tun ina ɗan shekara tara, a wani ƙauye na ƙasar Jakusko.

Kawuna, yayan mahaifiyata, masunci ne. Yana da koma, yana da birgi, yana da gora irin ta kowa. Amma akwai kwana biyu ko uku a shekara da yake ajiye su duka. In aka yi ruwan farko mai ƙarfi shinge ya fito, da daddare za mu kunna fitila mu ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashi. Mata su kwashi na suya, shi kuma ya zauna yana tsince masu rai waɗanda fiffikensu bai zube ba, yana zubawa a gwangwani. Da asuba mu nufi gurbin da ya rage, don a lokacin kogi bai kawo ba tukuna, ruwan Kano da Bauchi sai can gaba yake iso mu.

Ba ya sa dalma a zare. Ƙugiya 'yar mitsitsiya, ya soke shingen ta baya yadda ba zai mutu ba, ya ɗora shi a kan ruwa yana karkarwa. Kuma ba a tsaye ake zuwa ba. Sai ka durƙusa, rana tana gabanka don kada inuwarka ta faɗa ruwa. Ranar da na taho a guje na sha ranƙwashi. Daga nan sai jira. Za ka ga ruwa ya yi ɗan zobe, sai fal! kawara ta ɗauke. Ya taɓa ce min, "Ɗan nan, ba abin da kake da shi za ka ba kifi ba. Ka duba abin da yake ci yau." Ga shi bayan shekara kusan ashirin ina jin Bature yana faɗin maganar nan da dogon Turanci, da akwatin ƙwari da kuɗinsa zai sayi buhun gero.

Bari in faɗi wani abu da ban cika faɗa ba. Duk shekarun digirina na farko, in an tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce noma. Ba ƙarya ba ce, muna noma. Amma kuɗin rajistata daga bandar kifi yake fitowa, kwali-kwali da ake lodawa a Gashuwa da Nguru a yi Kudu da su. Akwai ranar da na dawo hutu wata 'yar ajinmu ta ce jakata tana ƙarni. Sau uku na wanke jakar nan. Yau ga ni ina mastas a kan kifin, ina rubuta sunayensa da Latin.

Bincikena a kan masuntan yankinmu ne da yadda kamu yake raguwa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, kuma tun daga nan ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ba ta koma yadda take ba. Kifinmu kuwa a ambaliya yake haihuwa, cikin ciyawar da ruwa ya shanye 'ya'yansa ke samun abinci da maɓoya. Inda ruwa ya daina ja da baya, kachala ta cinye, ta toshe hanyoyi, kwalekwale ma ba ya ratsawa. Mutane sun ƙaru, idon koma ya ƙanƙance, har gidan sauro na gani ana ja da shi. Kawu yana ba da labarin giwan ruwan da sai mutum biyu ke ɗauka. Ni a bikin kamun kifi na Gogaram kaɗai nake ganin abin da za a kira babban kifi.

Na je na raba takardun tambayoyi. Kawu shi ne mai lamba 14. Da muka zo layin ilimi sai biro ya tsaya min. Zaɓi huɗu ne: firamare, sakandare, gaba da sakandare, babu. Ko allo ban sa ba, kuma ni na tsara takardar da hannuna. Na ja layi a kan "babu". Mutumin da zai kalli launin ruwa ya gaya maka ko tarwaɗa ce a ƙasa ko kurungu.

Yanzu ga inda na maƙale. Kifin da na fede a ɗakin gwaji daga samfurin farkon damina, matan yawancinsu cike suke da ƙwai. Kawarar nan da muke ɗauka da shinge, jiran ruwa take ta je ta zuba. Duk littafin da ka buɗe abu ɗaya zai ce maka: a rufe su a watannin haihuwa. A semina ma abin da malamai suka ce in rubuta ke nan, kuma gaskiyarsu ce, ba ni da hujjar musu. Jimla ɗaya ce, minti ɗaya ta ishe ni in buga.

Sai dai na san waɗanne watanni ne. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa ne, gero yana gona bai nuna ba, kuɗin taki ya cinye ɗan abin da aka ajiye. Kifin nan shi ne cefane, shi ne maganin zazzaɓin yara. Baturen da ke mayar da nasa ruwa, abincin darensa yana cikin firji. Na san za ku ce wa ke karanta babi na biyar, ƙura ce za ta ci shi a laburare. Wataƙila. Amma sunana ne a bango, kuma kuɗin bugawar daga kwalin Kawu zai fito.

Da safen nan na kira shi, sabis yana yankewa. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaye shi, in hukuma ta ce a daina su wata biyu da damina, ya zai gani? Ya yi shiru har na zaci layin ya katse. Sai ya ce, "Da can ai ba sai hukuma ta faɗa ba. Akwai gurbin da ba a taɓawa sai sarkin ruwa ya buɗe, kuma ba wanda ya mutu. Amma da can in ka bar wannan gurbin akwai wani." Na ce to yanzu fa, Kawu? Ya ce, "Kai ne mai karatu." Wallahi ban gane ko yabo ne ko ranƙwashi ba.

Kafin ya ajiye ya ce hadari ya fara haɗuwa ta gabas, in zan zo in taho masa da ƙananan ƙugiyoyi kwali ɗaya, irin na bara sun yi tsatsa. Na ce to.

Ranar Alhamis zan miƙa babin. Shawara ta ɗaya a kan kachala ce, ta biyu a kan idon koma, ta uku a kan sakin ruwa daga dam. Ta huɗu na rubuta lambarta tun shekaranjiya, gabanta ba komai. Ƙugiyoyin dai na saya ɗazu bayan lakca, suna cikin jakar laftof.