Allon Harbin da Kunne ne Idonsa

Maharbin gargajiya a ƙasar Illela ba ya buƙatar alƙali. In zabon daji ya faɗi, an samu. In ya tashi, an yi kuskure. Harbin gasa da bindigar iska ba haka yake ba. Mai harbi yana tsayawa nesa da allo da mita 10, harsashinsa milimita 4.5 ne a faɗi, ɗigon tsakiya mai maki goma kuwa rabin milimita ne kacal. Maki mafi girma shi ne 10.9, kuma rubu'in milimita ya isa ya raba 10.9 da 10.8. Ido ba ya iya wannan hukunci.

Shi ya sa aka koma ga kunne. Allon lantarki irin wanda masu sha'awa ke haɗawa a gida akwati ne mai makirufo huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, da takarda a tsakiya. Harsashi na huda takardar, sai ƙarar ta bazu kamar yadda ruwa ke zobe in an jefa tsakuwa a tafki. Makirufon da ya fi kusa shi ke fara ji, sauran su biyo baya. Ƙaramar kwamfuta irin Arduino tana ƙidaya tazarar lokacin da ke tsakaninsu, daga nan ta lissafa inda hudar take. Tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai: sauti na ratsa milimita ɗaya cikin kusan kashi 3 cikin miliyan na sakan. Kamfanin Meyton na Jamus ya bi ta hanyar haske, amma mai haɗi a gida ya fi samun sauƙin makirufo.

A ce wani mai gyaran rediyo a Lafani, kusa da iyakar Birnin Konni, ya kwafo zanen daga intanet. Ƙera akwatin ba zai gagare shi ba. Abin da zai ci amanarsa zafin rana ne. Gudun sauti ba ɗaya ba ne kullum: mita 343 a sakan in awon zafi 20 ne, kuma yana ƙaruwa da kusan 0.6 a kowane digiri. Da asubar hunturu zai kai 340. Da azahar ta Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a ƙasar Sakkwato, ya wuce 355.

Abin takaicin shi ne ƙaryar ba ta fitowa inda ake duba ta. Harsashin da ya faɗa tsakiya daidai, makirufo huɗun tare suke jin sa, ko da sanyi ko da zafi, don haka gwajin farko zai nuna komai lafiya. Wanda ya kauce da milimita 10 kuwa, lissafin zai iya gusar da shi da kusan rabin milimita, wato 0.2 na maki, kuma da ƙasa da haka ake faɗuwa gasa. Maganin ɗan ma'aunin zafi ne mai araha, a dasa shi cikin akwatin kusa da takarda, kwamfutar ta riƙa karanta shi kafin kowane harbi.