Matse, Riƙe, Saki

Litinin, 3 ga Nuwamba
An cire robar fitsari, kwana 12 bayan aikin furostet. Na ɗauka shi ke nan. Ina miƙewa daga gado wando ya jiƙe har gwiwa. Nas ko a jikinta, ta miƙo min famfas na manya. Shekara 64. A mota babu wanda ya ce uffan.

Talata, 4
Famfas 6. A kwance lafiya lau. Tashi tsaye, sharr.

Alhamis, 6
Sashen fisiyo. Yaro ne, sa'ar autana. "Baba, sannunku da jiki." Ya ɗauko ƙugun roba ya nuna min wani faifan nama shimfiɗe daga ƙashin mara zuwa ƙarshen ƙashin baya, shi ke tallafe da mafitsara. Furostet ɗin da aka cire tana ƙasan mafitsara ne, zagaye da bututun fitsari. Da ta tafi, makulli ɗaya ya bi ta, wanda ya rage kuma ya sha wuya. Shi za a horar.

"Ku yi kamar kuna riƙe tusa a cikin jama'a, sannan ku ja gabanku ciki kamar kun shiga ruwan sanyi." Na sunkuyar da kai. Shi ko gezau.

Na matse, ya ce ɗuwawu ne. Na sake, cinya. Na uku na riƙe numfashi har ido ya yi ja. A na shida ya ce yawwa. Ni ban ji wani bambanci ba.

Goma a hankali, riƙo daƙiƙa 3, hutu. Goma da sauri. Sau 3 a rana. Kada in zarce, naman yana gajiya.

Juma'a, 7
Huɗuba ta lasifika, ina tsakar gida. Shekara nawa a sahun gaba.

Lahadi, 9
Liman ya zo dubiya. Da ƙyar na tambaya. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya yoyon da ya lizimci mutum yawancin lokaci ba ya karya alwala, sabunta ta ga kowace salla mustahabbi ne. "Malam, addini bai ƙuntata maka ba." Na sani. Warin nake tsoro.

Talata, 11
Famfas 5. Ko kuwa ruwan da na rage ne?

Alhamis, 13
Na sha faɗan yaron fisiyo a ladabce. Rage ruwa yana sa fitsari kauri, ya tsokani mafitsara, ga taurin bayan gida, yunƙuri kuma ya ɓata aikin. Abin da zan rage shayi ne da goro. Goro! Tun ina ɗan 20. Na bar ɓari ɗaya bayan azahar, ban faɗa masa ba.

Ɗaya maganar ban tayar ba. Ya buɗe ƙofa, "ko akwai wani abu, Baba?" Na ce babu.

Asabar, 15
'Yata ta duba a waya: wani likitan mata ne a Amurka, Arnold Kegel, ya yaɗa wannan motsa jiki a 1948, don matan da haihuwa ta sassauta. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. "Ashe kayanmu ka ara, Malam." Bayan yarinyar ta fita sai ta ce, ba ta kalle ni ba, ita tun haihuwa ta biyar ba ta yin atishawa a gaban mutane. Shekara 22. Ɗaki ɗaya.

Litinin, 17
Bayan asuba tare muke ƙirgawa. Ta fi ni riƙo.

Laraba, 19
Hunturu ya sauko, tari ya kama ni. Kowane tari da rabonsa. 7. An koma gidan jiya. Na daka wa jikana tsawa ba laifin komai. Ban yi na dare ba.

Alhamis, 20
Sabon darasi daga yaron fisiyo: in matse kafin tari, kafin miƙewa, kafin ɗaukar buta cike. Kafin, ba bayan ba. In na gama fitsari kuma in sa yatsa bayan maraina in taso ragowar gaba. Ya ce yawancin maza kan samu sauƙi cikin watanni, wasu sai shekara, wasu kuma sai an ƙara wani aiki. Na tambaye shi ni wanne ne. Ya yi murmushi kawai.

Talata, 25
Daga sujada zuwa tsayuwa, babu ɗigo. Raka'a ɗaya tak. Na kusa manta Fatiha.

Juma'a, 28
Gida.

Litinin, 1 ga Disamba
3. Safiya a bushe, la'asar ce abokiyar gaba. Riƙo ya kai daƙiƙa 7. Kuɗin famfas ya fara cizo, fansho shiru.

Alhamis, 4
Sati 6 da aiki. An ɗebi jinin PSA. Likita ya ce tunda an cire furostet, so ake a tarar da shi kamar babu. Sakamako sai Litinin. Duk wannan lissafin famfas, ashe na manta abin da ya kai ni asibiti tun farko. Daren nan ya tuna min.

Juma'a, 5
Hajiya ta goge baƙar jallabiya, ta turara ta. Sabon famfas, wani a aljihu. Sahun ƙarshe, dab da ƙofa. Ƙarfe 12 da rabi yanzu, takalmi na ƙafata, ina zaune bakin gado.